Ranar da Kawu Ya Ƙi Amsa Gaisuwata

Kawuna, ƙanen innata, shi ne na farko a danginmu da ya riƙe bindiga ba don farauta ba. A Paris yake aiki, a wani kamfani mai kai wa bankuna kuɗi cikin mota mai sulke. Su uku ne a motar: direba, da mai ɗaukar jaka, da mai tsaro. Kawu ne mai tsaron. Da safe ya sa hannu a ba shi bindiga, da yamma ya sa hannu ya mayar. Bai taɓa shiga gida da ita ba.

Yana ji da aikin nan ƙwarai. Shi ya fitar da shi daga ɗakin mutum shida a Montreuil da ke gefen Paris, shi ya ba shi halin kawo matarsa daga Damagaram. Dokar kamfanin kuwa ba ta da wasa. In yana tsaye bakin titi, ba ya hira da kowa, ba ya barin inda aka tsai da shi, ba ya juya wa titi baya. Wanda ya karya, a karɓe bindigar. Ya taɓa gaya mini haka, amma a lokacin hankalina na kan tuwon matarsa.

Abin dariya, ban san mutum mai son gaisuwa kamarsa ba. In ya fara, sai shayi ya huce. Zai tambaye ki gida, da karatu, da sanyi, da maƙwabciyar da kika ambata sau ɗaya bara.

Ni a Lyon nake lokacin, ina karatun binciken ruwan sha. Na dawo daga hutu a gida da ƙunshin kilishi da inna ta ce in damƙa masa hannu da hannu. Wata Alhamis na zo Paris taro. Ina fitowa daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a unguwar Belleville da hantsi, sai ga motar sulke a ƙofar banki, ga Kawu tsaye cikin kakinsa. Wata takwas rabona da shi. Ban yi tunanin komai ba, na tsallaka titi da sauri, doguwar hijabi na jan ƙasa, hannuna cikin jaka ina laluben kilishi.

"Kawu, ina kwana? Inna na gaishe ka."

Ko kallon sani bai yi mini ba. Ya taka ƙafa biyu ya tsaya dab da ni, faɗin ƙirjinsa ya tare mini gaba, ya ce da Faransanci, da muryar da ban san yana da ita ba, in ja da baya. Madam, ya ce mini. Ni da ya goya.

Na ja da baya. Wasu 'yan kasuwa Maraɗawa na tsaye ƙofar shago suna kallo, kunya ta rufe ni har wuya. Ina da zuciya, wannan kowa a gidanmu ya shaida. Da yamma na hau jirgin Lyon da kilishin a jaka, na cinye rabi a hanya don haushi. Ya kira sau uku ban ɗauka ba. Na riga na yanke cewa bindiga ta sa masa girman kai, har na shirya kalmomin da zan gaya wa inna.

Ran Talata da azahar aka buga ƙararrawar ɗakina. Kawu ne, da babbar riga da hula, ya yi tafiyar awa biyu a jirgi. Ya cire takalmi, ya zauna, ya fara daga farko: gajiyar hanya, da mutanen gida, da ƙafar inna, da damina. Ina amsawa a ciki-ciki. Bai gaggauta ba, bai tsallake kowa ba. Sai da ya gama kaf ya ce, "Ɗiyata, ran nan kin gaishe ni ban amsa ba. Shi na zo amsawa."

Na ce ai da ya ɗaga gira ma ya isa. Ya yi murmushi ya ce aikin ba ya son gira. Na ɗauko ragowar kilishin, ya duba ƙunshin, ya ce lallai ɓeran Lyon ya fi na Damagaram ƙoshi. Muka yi dariya, na raka shi tasha. Ban tambayi kaina ba yadda mai aiki ya sami Talata sukutum.

Bayan wata biyu na je musu, muna wanke-wanke da matarsa, ta gaya mini sauran. Mai ɗaukar jakar sabon ma'aikaci ne, satinsa uku, shi ma da tasa bindigar. Ya ga mace ta nufo su da sauri, hannu cikin jaka, ya ɓalle maɓallin kuben bindigarsa. Kawu ya gani ta gefen ido. Takun nan biyu da ya yi, tsakanina da bindigar ya shiga. Ya bar wurinsa, ya ba titi baya, doka biyu a daƙiƙa ɗaya. Direba ya ce a bar maganar a cikin mota, ba wanda ya gani. Kawu ya ƙi. Da yamman nan ya rubuta rahoto da hannunsa, ya ce 'yar yayarsa ce, kuma shi ne bai ja kunnen danginsa yadda ya kamata ba. Aka karɓe bindigar, aka mai da shi gareji yana buɗe wa motoci ƙofa.

Na bar kwanukan na same shi a falo, hannuna duk kumfa. Na ce, "Kawu, don me ba ka gaya mini ba?"

Ya rage sautin talabijin. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar bindigar nan kowace safiya, addu'arsa ɗaya ce, Allah ya sa ya mayar da ita da yamma ba ta taɓa kowa ba. "Ran nan ma an amsa," in ji shi. "Je ki wanke hannu, abinci zai huce."

Ba a sake ba shi bindigar ba har ya yi ritaya.