Yaya Habu da Haƙorin da Ya Ƙi Cirewa

Shekara arba'in ke nan da muka kai Yaya Habu makwancinsa a Gangara. Wanzami ne, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, kuma bana na tuna da shi a inda ban zata ba: ɗakin likitan haƙori a Damagaram.

Jikata na raka. Likitar ta ɗiga wani jan ruwa a ramin haƙorinta, ta wanke, sai wurin da ya ruɓe kaɗai ya riƙe launin. Ta ce shi za ta kankare, ta bar mai lafiya. Hankalina ya koma gida.

A shekarun alif ɗari tara da ashirin da 'yan kai, ina saurayi, turmin haƙorina na hagu ya rarake ana tsakar noman gero. Ko fura na kurɓa sai hawaye. A lokacin magani ɗaya aka sani, awartaki. Kuma duk mun ga wani mutumin Tarka da aka cire wa nasa, muƙamuƙi ya kumbura, bai ga kaka ba. Duk da haka na je na durƙusa gaban Yaya Habu.

"Yaya, cire shi, ko zan mutu in huta."

"Buɗe bakin tukuna, Idi. Sauri ya haifi nawa."

Ya zaunar da ni ina fuskantar rana, ya gasa wani siririn ƙarfe da maƙeri ya ƙera masa, ya bari ya huce. Yana kankara yana kasa kunne. Ruɓaɓɓen wuri, in ji shi, laushi gare shi kamar jiƙaƙƙiyar fata, ba ya magana. Mai lafiya kuwa ƙarfe na taɓa shi yake amsawa. Da ya ji amsar sai ya ɗauke hannu. Ya cusa dakakken kanumfari, ya toshe da ƙaro. Kafin sati na koma gona.

Ba kullum yake dacewa ba, shi ma bai ɓoye ba. Akwai wanda ya zarce wa har jijiya, akwai wanda ya bar wa saura ciwon ya dawo. Irin wannan kan hana shi cin tuwo. Shi ya sa na tabbata da ya ga jan ruwan nan, ba zai yi girman kai ba. Tsugunawa zai yi ya yi ta tambaya har likitar ta gaji, sannan ya ce a ɗan sam masa a kwalba. Nasa bakin dai ba zai buɗe mata ba, wanzami ba ya son jarfa.

Bai bar hoto ba, zabirarsa ma gara ta cinye, 'ya'yansa kuma duk noma suka bi. Amma har yau in na je kasuwar Gangara, tsofaffi sa'o'ina ba sa kirana Idi. Ƙanen Habu suke cewa, kuma kafin su tambayi gajiyata sai sun yi masa addu'a. Allah Ya ji ƙanka, Yaya, Ya sa ka huta yadda ka hutar da mu.