Shanu a Gonar Masara, a Kan Allon Kwamfuta

Har yau ban manta da ranar da Bello da Ayuba suka kusa watsa mini aji ba. Lokacin ina malamin horarwa a wata cibiyar koyar da kwamfuta a Keffi, a shekarun da matasa suka fara tururuwa suna neman sana'ar da za ta kai su Abuja. Ajina na masu koyon haɗa wasan kwamfuta ne, irin wanda mai wasa yake zama wani mutum a cikin labari, ya yi magana da jama'a, ya zaɓi amsar da zai bayar.

Ga wanda bai san aikin ba, sabon shiga ba ya farawa da rubuta wa kwamfuta umarni. Akwai manhajar da muke ba su. Kowace magana akwati ce a kan allo. Daga akwatin sai ka ja layi zuwa amsoshi, kowace amsa ta buɗe nata reshen. In an gama, zancen ya fito kamar bishiya.

Ƙa'idarmu, ɗalibai biyu-biyu suke aikin ƙarshe. Bello ɗan makiyaya ne daga wajen Panda. Ayuba ɗan ƙabilar Eggon ne daga Garaku, iyayensa manoma. Su suka zaɓi labarinsu: shanu sun shiga gonar masara, mai gona da mai shanu sun haɗu. Kowa ya rubuta nasa zancen na mutanen biyu, da niyyar su haɗa daga baya.

Ranar haɗawar, Ayuba ya karanta na Bello, ya miƙe tsaye.

"Malam, dubi manominsa. Ko me aka ce masa, amsarsa ɗaya: fita ko in sare ka. Haka babana yake magana?"

Bello ya ce, "Kai fa? Makiyayinka ban da 'ban sani ba' me ya iya? Kamar ba shi da hankali."

Murya ta tashi, aji ya fara rabuwa biyu. Hajiya Rakiya, shugabar cibiyar, ta kira ni ofis.

"Malam Sani, a canza musu labari ko a sallame su. Ba na son a ce fitina ta tashi daga nan."

Na ce, "Hajiya, a ba ni zuwa Juma'a. In bai yiwu ba, ni zan rubuta takardar sallamar."

Da na koma, ban yi musu wa'azi ba. Na ƙanƙanta allon har kowace bishiya ta fito ɗungurungum. A ta Bello, makiyayi ya yi rassa ko'ina, manomi layi ɗaya tal. A ta Ayuba, akasin haka. Na ce musu wannan ba wasa ba ne tukuna, domin mai wasa ba ya jin daɗin zance da bango. Na sake raba musu aiki: Bello ya rubuta manomi, Ayuba ya rubuta makiyayi, kuma kowane akwati sai ya samu amsa fiye da ɗaya wadda mai hankali zai iya bayarwa.

Dole ta sa suka fara tambayar juna. Na ji Ayuba yana cewa, fuska a ɗaure, "To me zai kai makiyayin gonar?" Bello ya ce burtalin da suke bi an yanka shi filaye, an gina gidaje. Shi ma ya tambayi me ya sa manomi yake zafi haka a kan 'yan kunyoyi. Ayuba ya ce kunyoyin nan su ne abincin gida har wata damina.

Ranar Juma'a Hajiya ta zauna ta gwada da kanta. Ta zaɓi amsoshi masu zafi, wasan ya ƙare da faɗa. Ta sake, ta bi wani reshen, mutanen biyu suka ƙare a gaban mai unguwa. Ta cire tabarau ta ce, "A bar musu."

Ba su zama aminai ba. Ayuba ya samu aiki a Abuja, Bello ya buɗe shago a nan Keffi.

Ku da kuka shigo aikin koyarwar nan yanzu, manhaja za ta koya wa ɗalibi jan layi a yini guda. Amma in kuna duba aikinsa, ku fara da mutumin cikin wasan da ya ba wa amsa ɗaya. Wannan shi ne wanda bai taɓa zama ya saurara ba.