Baba, Gwaggo da Injin Gudu

Babanmu makanikin manyan motoci ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin tireloli, har yau baƙin mai bai gama fita daga faratansa ba, ko da yake ya daɗe da barin gareji. Mutum ne mai zafin rai, bai iya lallashi ba, ba ya kuma son a lallashe shi. Abu ɗaya ke sanyaya masa zuciya, gudun safe. Da ya idar da sallar asuba sai ya ɗaura takalmi ya zagaya filin bayan tasha, ya dawo yana huci.

Wata damina ya zame a bakin kwata ya gurɗe ƙafa. Kafin ya warke tumbi ya fito, likita ya ce jininsa ya hau, dole ya koma motsa jiki. Ga ruwa ya ƙi ɗaukewa, layinmu ya zama taɓo har idon sawu. Sai babban yayanmu ya aiko masa da injin gudu, irin wanda ake hawa a yi ta gudu a wuri ɗaya, aka ajiye a falo.

Baba ya zagaya shi hannu a baya. "Ni zan hau wannan? In yi ta gudu bango yana gabana? Ku kwashe abinku."

Ba wanda ya kwashe, shi ma bai hau ba.

A lokacin Gwaggo, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta. Tun suna yara ba sa ga maciji da juna. Ko a gaban baƙi Auta take kiransa, mutum da furfura har gemu.

Wata safiya ruwa yana dukan kwano, Baba yana kwance a doguwar kujera, sai ga Gwaggo da jiƙaƙƙun zannuwa. Ta shanya su a hannun injin.

"Yaya, kwashe tsummokaranki daga kan kayana."

"Kayanka? Ai gara ni na samo masa aiki. Yi kwanciyarka, Auta. Dama tun kana yaro da an fara yayyafi kake maƙalewa a bayan Inna. Yanzu ga tumbi ga tsufa. An gama da kai."

Baba ya miƙe ya watsar da zannuwan a ƙasa. Ya hau injin da silifas, ya danna abin da ya ga dama. Injin ya fizge shi ya maka shi da kujera. Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Na ruga zan ɗaga shi, ya doke min hannu.

"Ɗauko min takalmina."

Ya ɗaure igiyar takalmin, ya tsaya ya karanci maɓallan a tsanake, ya sake hawa. Bai daɗe ba ya sauko yana haki, amma da ƙafarsa ya sauko.

Daga ranar, da zarar hadari ya haɗo, Gwaggo za ta jawo kujera gaban injin da kofin shayinta.

"Har yanzu ba ka iso ba?"

"In na iso ta kanki zan fara bi."

"Da wace ƙafar? Gurguwar?"

Sai ya ƙara wa injin wuta, gumi na zuba, yana hararar ta. Mama ta taɓa cewa su ji tsoron Allah, jikoki na kallo. Su biyun suka haɗu suka rufe ta da faɗa, ba ta ƙara sa baki ba. Akwai ranar da abin ya yi tsami, Baba ya ce ta tattara ta koma wurin ɗanta. Ta ce gidan ubansu ne, sai dai shi ya fita. Suka daina gaisawa, sai an aiki ɗayanmu da saƙo tsakanin ɗaki da ɗaki. Duk da haka ba ta fasa jawo kujerar ba, shi ma bai fasa hawa ba. Ta zauna ta tsuke baki, ya yi ta gudu ya ɗaure fuska.

Da damina ta wuce ya koma asibiti. Likita ya ce jinin ya sauka, ya rage masa magani. Baba ya shigo gida ya faɗa wa Mama da ƙarfi, yadda za a ji har ɗakin Gwaggo.

Daga ciki ta ce, "Wannan likitan bai san aikinsa ba."

Washegari Baba ya koma filin bayan tasha. Yanzu rigimarsu ta koma kan wata mage da Gwaggo ta kawo gidan, wadda ta mai da hularsa wurin barci.