Jan Layin Jirgin Baba Manu

Har gobe ban manta da ranar da masu jirgin ruwa suka yi wa zanena dariya ba, ni da na shekara ashirin da biyu ina cin abinci da buroshi. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka shigo aiki bayanmu, domin na ga wasunku sun fara irin zaman da na taɓa yi, zaman jiran lokacin tashi.

A lokacin ni ne mai zane a sashen wayar da kan jama'a na wata ƙaramar hukuma da ke bakin tafki, ina mataki na takwas. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake tafiya. Takarda za ta zo daga sashen lafiya ko na noma, a ce ana son fosta kan rigakafi ko kan takin zamani. Shugabar sashe ta sa hannu ta turo mini. In zana da fensir a kan kwali, in sa launi, ta duba ta amince, sannan a kai Yelwa a buga, a rarraba kasuwanni da asibitoci. Da farko ina son aikin nan kamar me. Tun ina yaro nake shan duka wajen Inna saboda zane da gawayi a bangon ɗakinta, sai ga shi gwamnati na biyana in yi abin da ake dukana a kai.

Daga baya kwamfuta ta shigo gari. Kowane sashe ya gane hanyar shagunan buga takardu, inda za a ciro hoto daga intanet a buga a kan leda kafin a sha ruwa. Aikina ya yi ta raguwa, zuciyata ma ta mutu a kansa. Ina da wani tsohon fayil na zanen da na yi tun ina sabon hannu: mace da goyo, manomi da fartanya, likita da allura. In aiki ya zo sai in buɗe shi in kwafa, in sauya launin zanin matar. Sauran lokaci kuwa ina ƙarƙashin dalbejiya ina zagin kwamfuta da masu ita. Buroshina har ya sandare a cikin gwangwani, ban ma lura ba.

Wata ranar Litinin, damina ta yi nisa, shugabar sashenmu Hajiya Rabi ta aika aka kira ni. Mace ce marar yawan magana, in ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur to ka shirya. Ina shiga ta cire.

“Malam Isiyaku, kwamitin tantance ma'aikata ya ba da shawara a soke kujerar mai zane. Suna so a mai da kai rajista.”

Rajista ita ce ɗakin da ake ajiye fayiloli. Wanda aka kai can, aikinsa ya ɗauko fayil ya mayar da fayil har ranar da zai yi ritaya. Na daɗe da daina kula zane, amma da aka ce za a raba ni da shi, sai na ji kamar an ce in sauya suna.

Ta ce ta roƙi a dakata mako uku, har kwamitin ya zo zamansa na ƙarshe. Akwai aiki guda a hannu: fosta kan lodin jirgin ruwa fiye da kima, kafin tafki ya cika iska ta tashi. Babu gida a yankinmu da bai san abin da lodi ya jawo ba, don haka ba ta tsaya yi mini bayani ba. Ta ce kawai, “Ka yi abin da zan iya ɗagawa a gabansu.”

Cikin kwana biyu na gama, kuma ban taka bakin ruwa ba, alhali daga ofis zuwa tashar jirgi tafiyar ƙafa ce. Me zan je gani? A garin aka haife ni. Na zana jirage biyu. Na hagu na cika shi da mutane, kai bisa kai, na buga masa jan kuros. Na dama na sa masa mutum shida suna murmushi, na yi masa koren maki. Don ya yi kyau, na ɗaga masa igiyar ruwa mai shuɗi da farin kumfa har ta kusa taɓa bakinsa. Na ja da baya na duba, na ce wa kaina, to, kwamfuta ta zo ta yi wannan.

Akwai ƙa'idar da muka daɗe da watsarwa, ita ce gwaji. Kafin a buga fosta ana kai ta wurin waɗanda aka yi dominsu, a ɗaga, a tambaye su me suka gani, ba tare da an yi musu bayani ba. Hajiya Rabi ta ce sai an yi. Na ce ɓata mai ne kawai. Ta ɗauki jakarta ta nufi mota.

A tasha muka tarar da masu jirgi a rumfa, a tsakiyarsu wani dattijo ana ce masa Baba Manu, wanda duk suke jin maganarsa. Na ɗaga kwalina ina hura hanci. Hajiya ta gaishe shi ta ce, “Baba, cikin jiragen nan biyu, wanne za ka shiga da iyalinka?”

Ya matso, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ɗora yatsa a kan na hagu, mai jan kuros.

“Wanga za ni shiga.”

Na kasa haƙuri, na karya ƙa'ida. “Baba, ba ka ga yawan mutanen ba?”

“Na gane su, Malam. Amma dubi nan, katako biyu na bisa ruwa, jirgin ga lahiya lau shi ke. Wanga ko da ka yi ma kore, ruwa ya kai mai ga baki da mutum shidda kacal. Ko dai ya huje, ko kun ɓoye duwatsu ƙarƙashinsu. Kuma mi su ka yi ma dariya, mutane za su nutsewa?”

Rumfa ta kwashe da dariya, har wani yana dafa ƙeya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Fostar da na yi don ta hana lodi, ga masu ruwa cewa take yi cikakken jirgi ya fi aminci. Da an buga ta an liƙa, da da hannuna na yi wa lodi talla. Hajiya ta rubuta wani abu a littafinta. Da mota ta iso da mu ƙofar ofis sai ta ce, “Saura kwana goma sha shida.”

Ba zan ɓoye muku ba, na so in rubuta takarda in ce na yarda da rajista, in huta. Abin da ya hana ni girman kai ne kurum, ba wani kishin aiki ba. Washegari na koma tasha ni kaɗai da littafin zane, da nufin in gyara igiyar ruwan nan in rufe bakin tsoho.

Baba Manu ya gan ni, bai tayar da zancen jiya ba. Ya ce in shiga jirginsa in zauna, ana lodi. Aka fara zuba buhunan masara da na shinkafa, aka hau da babura biyu, aka jawo awaki. Duk bayan 'yan buhuna sai ya leƙa gefe, ya ɗora gwiwar hannunsa a bakin jirgi ya saki hannun ƙasa. Da yatsunsa suka taɓa ruwa sai ya ɗaga murya ya ce ya isa.

“Ka gani? Kai kawuna ka ka ƙirga, mu ruwa mu ka duba. Mutum goma da buhu talatin sun hi mutum arba'in nauyi.”

Na buɗe littafi na zana hannun nan nasa a gefen jirgi, da jijiyoyinsa da tabon igiya. Na zana mai ɗaukar buhu yadda yake karkata wuya. Na zana wata mata tana kare kwandon kifinta daga akuya. Ban ankara ba sai na ji kiran azahar. Mako guda cur na yi ina zuwa, littafi ya cika na sayi wani. Hannuna da ya yi nauyi ya sake, kuma na ji daɗin da rabona da shi tun bangon ɗakin Inna. Ashe shekara da shekaru fayil nake kallo, ga mutane a waje ban dube su ba.

Sabuwar fostar da na yi, mutane daidai suke a jiragen biyu, bambancin a ruwa yake, ga kuma hannu yana awo. Masu jirgi suka gane ta nan take. Amma wata 'yar kasuwa mai safarar shinkafa, da kowa ke kira Inna Kulu, ta leƙo ta taɓe baki.

“To, hannun wa za a auna da shi? Ni nawa gajere na. In na ce lodi ya yi yawa, su ce mi mace ta sani ga ruwa.”

Na dubi gefen jirgi, na dubi gwangwanin jan fentin da na zo da shi. Na ce wa Baba Manu, in ya yarda, ya auna da hannunsa ya nuna mini wurin, ni kuma in ja layi daga goshin jirgi har ƙarshensa, yadda kowa zai gani daga tudu. Ya tsaya yana duban gefen jirgin, domin ya san layin nan bakinsa zai ɗaure ranar da kaya suka yi yawa. Can ya ce, “Ja. Amma ni ka aunawa, ba ohis ba.” Na naɗe wando na shiga ruwa na ja. Kafin mako ya ƙare, wasu ma sun kawo nasu, wasu sun ce ba da su ba.

Ranar da kwamiti ya zo ta dace da cin kasuwa. Maimakon ta ɗaga musu fosta a ofis, Hajiya Rabi ta kwashe su a mota sai tasha. Shugabansu, wani darakta mai mataki na goma sha biyar, yana ta kare takalminsa daga laka. Muka tsaya daidai jirgin Baba Manu, shi kuwa ya haura tudu wajen wani mai kaya, ya bar masu lodi suna zubawa. A gaban idona layina ya yi ta sauka, ya taɓa ruwa, aka hau da babur na uku, layin ya ɓace gaba ɗaya. Fasinja suna ta shiga abinsu.

Darakta ya ce, “Ina layin da ake magana?”

In jirgin nan ya tashi a haka, to layi fenti ne kawai, ni kuma na kama hanyar rajista. Abin da ya fi tayar mini da hankali, wanda ni kaina ya ba ni mamaki, shi ne akwai mata da goyo a ciki, ga gajimare ya fara haɗuwa ta gabas.

Sai muka ji murya daga cikin taro. Inna Kulu ce, ƙafa ɗaya a kan katakon hawa, ta ja ta tsaya.

“Kai! Ja ya nutse! Ni ba ni shiga sai na ga ja.”

Wani mai lodi ya ce ta matsa ta ba mutane hanya. Ba ta ko dube shi ba. Matan da ke bayanta suka leƙa, suka ɗauka, “Ja ya nutse, a rage!” Wata da ta riga ta zauna ta miƙe da goyonta za ta sauka. Baba Manu ya gangaro yana faɗa, ya leƙa gefe, ko hannu bai sa ba ya ce a sauke babur da buhu huɗu su jira jirgi na gaba. Aka sauke. Layin ya ɗago daga ruwa a hankali, ja wur, yana ɗiga. Na samu wani buhu na zauna a kai.

Darakta ya tambayi wane kamfani ne ya yi aikin. Hajiya ta nuna ni, ga jan fenti har yanzu a farcena. Ya ce, “Jirage nawa suka rage?” Ta ce da yawa, kuma ruwa na cin fenti, duk shekara sai an sabunta. Ya rubuta wani abu a fayil. Ba a sake yi mini zancen rajista ba har na yi ritaya.

Inna Kulu ta wuce ta gabana za ta shiga jirgi, ta ce, “Malam, ɗaga min, buhuna na ka zauna ma.” Na tashi ina dariya kamar wanda aka yi wa bushara.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu mai kallo ne malami. Kafin ka ɗauki fensir, je ka ga inda idonsa ke sauka, domin ba lallai ne ya sauka inda naka yake ba. In kuma kuka ji aikin ya fita ranku, kada ku yi saurin ɗora wa inji ko albashi, ku tambayi kanku yaushe rabonku da zama cikin mutanen da kuke yi dominsu. Na zana hotunan manya da aka rataye a ofisoshi, na yi fosta ba adadi, kuma ban san inda ko ɗaya take ba yau. Wanda ya rage shi ne miƙaƙƙen layin da ko ɗan firamare zai iya ja. Shi ya sa duk shekara, in tafki ya fara cika, ba sai an aiko mini da takarda ba, nakan ɗauki gwangwanina in gangara.