Kunyar Inna

Ni ce 'yar fari a gidanmu a Tudun Wada, kuma a wancan zamani uwa ba ta kiran sunan 'yar farinta, balle ta zauna hira da ita. Kunya ake ce wa wannan, har yabon Inna ake yi a unguwa.

Ina wanki a bakin rijiya na fara ganin jini. Ba wanda ya taɓa gaya mini komai, sai na ɗauka wani abu ne ya fashe a cikina, mutuwa zan yi. Na cusa zanen a bayan randa, na ci gaba da salla ina roƙon Allah lafiya.

Inna ta ga zanen. Na san ta gani, domin na tarar da wankakkun tsummoki a ninke a kan tabarmata. Ba ta ce uffan ba. Ni kuwa na zaci aiki aka ba ni, na goge fitilun gidan da su.

Maƙwabciyarmu ce, wata Kirista mai aikin jinya, ta ga ina tafiya a takure. Ta ja ni ɗakinta ta ce, "Yarinya, ba ciwo ba ne, haila ce." Ta nuna mini yadda ake ƙunzugu, ta ce batun salla in tambayi goggona.

Har yau idan aka yabi kunyar Inna, shiru nake yi. Ita ta samu yabo, ni na zauna ina jiran likkafani.