Gwaggo Herminia da Sabon Tanderu

Shekara talatin da ɗaya Gwaggo Herminia, yayar mahaifina, ta yi tana dafa wa yara abinci a wata makarantar firamare a San Lorenzo, amma ba wanda zai tuna maka da miyarta. Alfahor ɗinta aka sani. Biskit ne biyu, farare tas, masu narkewa tun kafin haƙori ya taɓa su. A tsakiyarsu dulse, madarar nan da take wuni tana dafawa da sukari har ta yi kauri ta koma ruwan zuma, sannan ta mirgina gefen cikin gogaggiyar kwakwa. Baftisma ko biki ko zaman makoki, in dai a layinmu ne, sai ka ga tirenta.

A wani tsohon tanderun gas take gashin, wanda aka saya mata tun lokacin aurenta. Da waya ake ɗaure ƙofarsa, gefen hagu kuma ya fi zafi, amma ta san halinsa kamar yunwar cikinta. Ba ta duba agogo. Hannu take zurawa, ta ƙirga biyar, ta ce ya yi.

Sai ɗanta tilo, Osvaldo, mai aiki a rijiyoyin mai can kudu, ya zo hutu. Ranar da na raka ta asibitin ido, muka dawo muka tarar da wani dogon abu na lantarki a kicin, yana ta ƙyalli da fitilu.

"Mama, albishirinki!" in ji Osvaldo.

"Ina tanderuna?"

"Wancan gwangwanin? Haba Mama, saura ƙiris ya tashi da gidan. Na ba su Pocha, maƙwabtanki."

Ta daɗe tana kallonsa. "Allah ya yi maka albarka," ta ce, da irin muryar da ake yin ta'aziyya.

Saura sati uku a yi bikin cikar Milagros, 'yar Osvaldo, shekara goma sha biyar, kuma Gwaggo ta riga ta yi alkawarin alfahor ɗari da hamsin. Shi dai ya koma bakin aikinsa, ya bar mu da jangwam.

Tiren farko ya fito ja kamar ɓawon burodi. Na biyu ya yi fari, amma ko kare da ya shinshina wucewa ya yi. Na uku kuwa, tana shafa masa dulse yana rugurgujewa a hannunta. Ta ce sitacin masarar ne, ta canja kanti. Ta ce kajin yanzu ba su iya ƙwai ba. Da masu laifi suka ƙare, ta juyo kaina.

"Ke Nilda, matsa daga bakin ƙofar nan, kin tsaya mini a ka kamar soja."

"Gwaggo, ga takardar da aka haɗo da shi. Bari in karanta miki."

"Ni za a koya wa gashi da takarda? Lokacin da na fara alfahor ubanki bai san wando ba!"

Kwana goma sha biyu ana haka. Ta daina kallon wasan kwaikwayonta na yamma, ta daina amsa gaisuwa da kyau. Wata safiya na ga ta saka kwat ɗinta ta zuwa coci ta nufi gidan Pocha, na bi ta a baya. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, amma shekara takwas ba sa ga maciji, tun da Pocha ta sare reshen lemun Gwaggo da ya leƙa gidanta.

Pocha na zaune a ƙofar gida tana zuƙar shayin mate. "A'a! Yau wa nake gani? Wani ne ya mutu?"

"Aron tanderuna na zo. Kwana biyu kacal."

Pocha ta danne dariya, ta ce mu biyo ta bayan gida. Ashe mijinta ya cire masa 'yan ciki ya shimfiɗa ciyawa. Wata jar kaza ce kwance a ciki tana kallonmu.

"Kin ga ita ma gashi take yi," in ji Pocha, "sai dai nata na sati uku ne."

Muka koma gida. Gwaggo ta zauna da kwat ɗin a jikinta. Can ta ce, "Ɗauko takardar banzar nan."

A shafi na shida muka gano matsalar. Wata 'yar fanka ce a can ƙuryar tanderun take busar da biskit ɗin. Na kashe ta, na rage zafi. Tiren ya fito fari, da laushi. Gwaggo ta gutsura, ta tauna a hankali.

"Za a iya ci," ta ce. "Amma ba shi da rai."

Kwana huɗu muka yi muna murzawa, muna yankawa da bakin kofi, muna shafawa, har bayanta ya riƙe. Aka yi bikin a zauren kulob ɗin ƙwallon unguwa. Kafin a yanka kek tiren ya zama wayam. Surukar Osvaldo ta zo da kwakwa a leɓe, ta rungume Gwaggo.

"Herminia, wallahi ba ki taɓa yin masu daɗin na yau ba!"

"Kin ji ko, Mama?" in ji Osvaldo yana washe baki. "Ai na gaya miki."

Gwaggo ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Wato shekara arba'in marasa daɗi kuke ci, kuna yi mini daɗin baki?"

Ta ja kujera can gefe ta zauna. Milagros ce kaɗai ta iya tayar da ita rawa, shi ma zagaye ɗaya.

Har yau tana gashi duk ranar Asabar, tana yi tana mita. Ta rufe fitilun tanderun da tsumma don kada su riƙa ƙifta mata ido. In lokaci ya cika ya fara ƙara, daga ɗaki za ka jiyo ta: "Na ji! Ai ba kurma ba ce ni."