Malam Kalilu Arzika, Malamin Kafinta na Jibiya (1958–2024)

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Kalilu a Daddara, cikin ƙasar Jibiya, a shekarar 1958. Mahaifinsa shi ne Malam Arzika manomi, mahaifiyarsa kuwa Hasiya. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya kuma kammala firamare, ya tafi Katsina, inda ya samu horo a fannin aikin katako.

Aiki da Aure

A 1981 aka tura shi wata makarantar sakandare a Jibiya domin koyar da aikin kafinta, ya auri Malama Rabi'a bayan shekara uku. Kujerun makarantar da tagoginta duk ɗalibansa ne suka ƙera su, wasunsu kuma suka buɗe shaguna tun daga Magama har Maraɗi.

Rufe Ɗakin Sana'a

A 2009 hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye suka yanke shawarar mayar da ɗakin sana'a ajin ƙarin darasin Turanci da lissafi, wai domin kowane yaro ya shiga jami'a, kamar jami'ar za ta ɗauke Jibiya gaba ɗaya. Aka tura kayan aiki sito, gara da tsatsa suka gama da su. Don ƙarin wulaƙanci, aka umarce shi ya ci gaba da koyarwa a kan allo, yana zana zarto da guduma da alli, yara suna haddace sunayensu. A taron malamai ya faɗa wa shugaban makaranta gatsal: "Wanda bai ci jarrabawa ba, mi zai riƙe a hannunai?" Cikin ɗaliban, kaɗan ne suka samu gurbin jami'a, sauran da dama suka koma dakon jarkokin fetur a kan iyaka. Ya yi ritaya a 2016 cikin baƙin ciki.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa a watan Maris na 2024 bayan doguwar jinya. Da aka ɗauko makarar unguwa sai aka tarar hannunta ya ɓalle, kuma a cikin matasan da ya koyar a allo, waɗanda suka cika ƙofar gida, babu mai iya kafa mata ƙusa. Abin kunya, da igiyar ɗaure jarka aka ɗaure ta, aka kai shi makwancinsa bayan sallar azahar.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: Ilham, Amatullahi, da autansa Badaruddeen, wanda ya yi makarantar bayan an rufe ɗakin, shi ne kuma ya kawo igiyar daga kan babur ɗinsa. Allah Ya jiƙansa da rahama.